KU TAMBAYA MU AMSA: Unguwar da ta ɓace a tsakiyar kogi

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonni uku ne suka shigo mana daga unguwanni daban daban a nan cikin Kano, masu su ba su san juna ba, amma da na zauna ina karantawa sai na ga ashe dukkansu a kan gari ɗaya suke tambaya, kowa dai ta ƙofar da ya shigo. Shi ya sa na haɗe su wuri guda, sauran tambayoyin kuma ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA (daga wani matashi mai gidan kallon ƙwallo a Fagge): Malam barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Dan Allah musu ne ya kaure mana a majalisa, wani abokinmu ya ce garin da Najeriya ta buga da Kuroshiya a kofin duniya na 2018 wai asalinsa garin Jamusawa ne, mu kuma muka ce haba ai a Rasha akai gasar gaba ɗaya. Waye mai gaskiya a cikinmu?

AMSA: Ƙanena ku duka kun faɗi gaskiya, amma ta abokin naku ta fi zurfi. Garin sunansa Kaliningrad, a nan aka buga wasan ranar 16 ga Yunin 2018, aka ci mu 2 da nema, Etebo ya ci gida sannan Modric ya ƙara da fanareti, na san har yau akwai waɗanda abin bai bar ransu ba. A yau garin na Rasha ne babu tantama. Amma ka buɗe taswira a wayarka ka duba, za ka ga yankin ko kaɗan bai haɗa iyaka da sauran ƙasar Rasha ba, Polan ce ta kudu da shi, Lituweniya ta arewa da gabas, tekun Baltik kuma ta yamma. Kafin 1946 sunansa Konigsberg, wato Dutsen Sarki, kuma ya yi kusan shekara 700 a hannun masu magana da Jamusanci, shi ne ma babban birnin Purusiya ta Gabas, wani yanki na tsohuwar masarautar Jamusawa mai suna Purusiya, a nan aka naɗa sarkin Purusiya na farko a 1701. Yaƙin duniya na biyu ne ya juya komai. Filin wasan da kuka kalla ɗin nan a talabijin a kan wani tsibiri yake cikin kogin garin, kuma maƙwabcinsa wani ƙaramin tsibiri ne wanda shi ne zancenmu na ƙasa, dan haka ka ci gaba da karantawa ka kai wa majalisa cikakken labari.

TAMBAYA (daga wata malamar lissafi a wata sakandaren 'yan mata da ke Gwale): Malam ina yini. Na koya wa ɗalibaina wasan ƙwaƙwalwar nan na gadoji bakwai na Konigsberg, sai wata yarinya ta tambaye ni wai shi tsibirin da ke tsakiyar zanen da gaske akwai shi ko ƙirƙira ce irin ta littafi, kuma in akwai su waye a cikinsa? Wallahi ban iya ba ta amsa ba. A taimaka mana da tarihinsa.

AMSA: Malama Allah ya saka da alheri, kuma ki gaishe min da wannan yarinya, tambayarta ta nuna tana tunani ba haddar zane kawai take ba. Tsibirin akwai shi, sunansa Kneiphof, ana furta shi kamar Kinaifof, kuma ba fili ba ne kawai da ruwa ya zagaye, gari ne sukutum mai majalisarsa da hatiminsa da kotunsa da kasuwarsa.

Bari mu faro daga tushe. Kafin Jamusawa su zo akwai mutanen ƙasar na asali da ake kira Purusawa, masu bautar gargajiya ne, yarensu ɗan uwan na Lituweniya ne ba na Jamus ba. Sai wata ƙungiyar mayaƙan Kirista da ake kira Tiyutonik, wadda aka kafa ta tun a garin Akka na Falasɗinu lokacin yaƙe-yaƙen Salibiyya, ta zo ta ci su da yaƙi, a 1255 ta gina ganuwa a kan wani tudu a bakin kogin Piregel inda da Purusawan ke da tasu. Kin ga tun daga nan ma an fara gina gari a kan kufan wani. Yaren Purusawan ya yi ta ja da baya har ya mutu murus wajen shekarun 1700, sai sunansu kawai ya rage a kan ƙasar da aka ƙwace musu, har ma shi sunan Kinaifof ɗin masana na danganta shi da wata kalma ta yarensu mai nufin wuri mai fadama da ruwa ya kewaye.

A gindin ganuwar nan garuruwa uku suka tsiro kafaɗa da kafaɗa. Altstadt wato Tsohon Gari ya samu takardar zama gari a 1286, Lobenicht a 1300, sai autansu Kinaifof a 1327. Tsibirin ɗan ƙarami ne, hekta 10 ne ko kusa da haka, ki ƙaddara filin ƙwallo 14 aka jera, amma da yake ruwa ne ta ko'ina jirgi na iya tsayawa a bayan gidanka a sauke maka kaya, sai ya zama unguwar fatake da attajirai. Hatsi, katako, kakin zuma da fatu su fita, gishiri da yadi da kifi su shigo, garin kuma yana cikin babbar ƙungiyar 'yan kasuwar arewacin Turai da ake kira Hansa. In kina son ɗalibanki su gane da sauri ki ce musu su tuna Kurmi da unguwannin da suka zagaye ta zamanin da ayarin raƙuma ke sauka, gidaje a cunkushe, lunguna ƙanana, kowa ya san kowa kuma kowa ya san nawa ne a aljihun maƙwabcinsa. Ƙasar tsibirin mai laushi ce sosai, dole sai an kafa turakun itace a cikin taɓo kafin a ɗora gini, a haka suka fara gina babbar majami'ar garin da jan bulo a 1333, ba a gama ba sai wajen 1380. A 1544 kuma Albrecht, shugaban mayaƙan nan da ya bar Katolika ya bi koyarwar Martin Luther, malamin Kirista ɗan Jamus, ya mai da ƙasar masarautar gado a 1525, ya kafa jami'a a jikin majami'ar, ana ce mata Albertina. Wato a ɗan wurin nan kuɗi da addini da ilimi duk suka tattaru.

Abin da ya fi burge ni da mutanen Kinaifof shi ne taurin kai a kan haƙƙinsu, kuma sau biyu tarihi ya rubuta musu shi da manyan baƙi. A 1454 garuruwan Purusiya sukai wa mayaƙan Tiyutonik bore saboda haraji da danniya, suka nemi sarkin Polan ya karɓe su. Shekara na zagayowa maƙwabtan nan biyu suka janye suka koma wa iyayengijinsu, amma Kinaifof ta ce ita kam a'a, aka yi mata ƙawanya har mako 14, maƙwabtan nata na cikin masu yaƙar ta ta tsallaken ruwa, sai a watan Yulin 1455 ta miƙa wuya. Bayan shekara 200 da 'yan kai aka sake kwatawa. Mai mulkin lokacin Friedrich Wilhelm ya so ya riƙa sa haraji ba tare da yardar wakilan gari ba, sai wani ɗan kasuwa kuma jagoran mutanen Kinaifof mai suna Hieronymus Roth ya tsaya ya ce ba a isa ba. A 1662 mai mulkin ya zo da sojoji aka juya bakin igwa ta fuskar tsibirin aka kama shi, aka kai shi kurkukun Peitz, an nuna masa in ya nemi afuwa za a sake shi ya ƙi, a can ya mutu a 1678 bayan shekara 16 a tsare. Ni dai duk sanda na karanta labarin mutumin nan sai na ji jikina ya yi sanyi, dan ba basarake ba ne ba soja ba, ɗan kasuwa ne da zai iya yin shiru ya ci gaba da cinikinsa.

Sai a 1724 sarki ya haɗe garuruwan uku suka zama Konigsberg guda ɗaya, daga nan Kinaifof ta tashi daga gari ta koma unguwa.

Toh yanzu gadojin. Biyar daga cikin bakwai ɗin a jikin Kinaifof suke, kuma sunayensu kaɗai sun isa su gaya miki irin rayuwar wurin. Ta arewa akwai Gadar 'Yan Tireda da Gadar Maƙera, ta kudu akwai Koriyar Gada da Gadar Kayan Ciki wadda ke kusa da mahauta, ta gabas kuma Gadar Zuma da aka gina a 1542 ta haɗa shi da ɗaya tsibirin mai suna Lomse. Ragowar biyun, Gadar Katako da Doguwar Gada, su suka haɗa Lomse da gaɓar arewa da ta kudu. Kamar dai yadda mu ma nan muke da Soron Ɗinki da Dukawa da Alfindiki, suna ne da sana'a ta raɗa ba gwamnati ba. Mutanen gari in sun fito shan iska sai su riƙa gwada ko mutum zai iya taka kowace gada sau ɗaya tak ba tare da ya maimaita ko ya tsallake wata ba, kowa ya gwada ya kasa amma babu wanda ya iya cewa ga dalili, sai da maganar ta kai ga Leonhard Euler, ana furta sunan Oila, ɗan ƙasar Siwizalan da ke aiki a birnin San Fitasbag, ya gabatar da amsar a 1735.

Malama ga yadda nai da yarana a gida ranar da saƙonki ya zo, ki gwada a aji. Na samo marfin lemo huɗu na ajiye a kan tabarma, ɗaya a tsakiya shi ne Kinaifof, ɗaya sama ɗaya ƙasa ɗaya a dama, sannan na karyo tsinken tsintsiya bakwai na jera a matsayin gadoji, biyu daga na tsakiya zuwa sama, biyu zuwa ƙasa, ɗaya zuwa dama, sai ɗaya daga dama zuwa sama ɗaya daga dama zuwa ƙasa. Na ce kowa ya bi da yatsa, duk tsinken da ya bi ya ɗauke shi. Sun fi rabin awa suna yi, kullum sai tsinke ɗaya ya rage a tabarma, ƙaramar har ta fara zargin yayanta da ɓoye dabara. Sai na ce musu ku ƙirga tsinke nawa ne ya taɓa kowane marfi. Na tsakiya 5, sauran ukun kowanne 3. Toh ai duk wurin da ka shiga ta wata gada dole ka fita ta wata, kenan gadojinsa sai sun zama bibbiyu, cika ba mara ba, in banda inda ka fara da inda za ka ƙare, su biyun nan ne kawai aka yarda su zama mara. A nan kuwa duka huɗun mara ne, dan haka ko shekara za ka yi kana zagaye ba za ta yiwu ba. Hikimar Oila ita ce ya watsar da tsawon gada da faɗin kogi da kyan gidaje, ya bar tambaya ɗaya, me ke haɗe da me. Daga wannan ne wani reshe guda na lissafi ya samo asali, wanda yau da shi ake tsara layukan wuta da hanyoyin intanet da hanyar da taswirar waya ke zaɓa wa mai adaidaita sahu. Ki gaya wa yarinyar cewa ɗigon da ke tsakiyar zanenta akwai masu gasa burodi da ɗalibai da masu dako da suka rayu a kansa sama da shekara 600.

TAMBAYA (daga wani dattijo, tsohon ma'aikacin reluwe, mazaunin Yakasai, jikansa ne ya rubuto masa): Ɗana, na taɓa ji a rediyo shekarun baya cewa akwai wani gari a Rasha da amare da angwaye ke kai furanni kabarin wani malamin Jamus a kan wani tsibiri da babu gida ko ɗaya. Wane malami ne, kuma ina mutanen wurin suka tafi?

AMSA: Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, abin da ka ji gaskiya ne, kuma tsibirin da muke magana a sama ne. Malamin shi ne Immanuel Kant, ɗaya daga cikin manyan masana falsafa na Turai, an haife shi a 1724, shekarar da aka haɗe garuruwan uku, a wata unguwa da ke tsallaken Koriyar Gada, mahaifinsa baduku ne mai ɗinkin kayan doki. A jami'ar tsibirin ya yi karatu, a nan ya koyar, bai taɓa yin nisa da yankin garinsu ba har ya mutu a 1804, aka binne shi a jikin majami'ar. Ana ba da labarin cewa saboda tsabar kiyaye lokacinsa maƙwabta da fitowarsa yawon la'asar suke saita agogo. Rumfar dutsen da ke kan kabarin yanzu an gina ta ne a 1924.

Mutanen wurin kuwa Baba, labarin babu daɗi. A ƙarshen watan Agustan 1944 jiragen yaƙin Birtaniya suka kai wa garin hari dare biyu, na biyun wato daren 29 wayewar 30 shi ya cinye tsakiyar birnin, Kinaifof mai gidaje manne da juna da gadoji ƙanana ta kama da wuta gaba ɗaya, majami'ar ta ƙone sai bango, tsohon ginin jami'ar ya tafi. A ranar 9 ga Afrilun 1945 garin ya faɗa hannun sojojin Tarayyar Sobiyat bayan ƙawanya mai tsanani. Garin da ke da mutum sama da 370,000 kafin yaƙi, wasu sun gudu, da yawa yunwa da cuta sun kashe su, waɗanda suka rage aka kwashe su zuwa Jamus, zuwa 1948 kusan babu saura. Aka kawo mutane daga sassan Rasha da Belarus da Yukiren aka zuba, a 1946 aka sa wa garin sunan wani jigon gwamnatin Sobiyat, Mikhail Kalinin, a 1947 kuma ƙasashen da suka ci yaƙi suka soke ita kanta Purusiya da doka. Dole in faɗi ɗaya gefen dan kar a ce na yi son kai, Jamus ta Hitila ce ta kunna wutar nan, ta kashe miliyoyin mutane a ƙasar Sobiyat, kuma tun 1938 'yan Nazi suka ƙona babban wurin ibadar Yahudawa da ke daidai tsallaken Gadar Zuma, daga baya suka kwashe Yahudawan garin zuwa inda aka hallaka su. Amma duk da haka tsohuwar da aka fitar daga ɗakin da aka haife ta da ƙullin kaya ɗaya ita ma abar tausayi ce.

Sababbin masu garin ba su sake gina tsibirin ba. An kwashe ɓaraguzan, bulon da ke da sauran amfani aka yi gaba da shi, aka baje wurin aka shuka bishiyoyi aka jera gumakan ado ya zama wurin shaƙatawa. Kangon majami'ar ne kaɗai aka bari a tsaye babu rufi shekara da shekaru, ana yawan cewa albarkacin kabarin Kant ne ya sa ba a rushe shi ba, dan ita fadar sarakunan da ke kan tudu, wato ganuwar nan ta mayaƙan Tiyutonik, ba ta samu wannan sa'ar ba, a ƙarshen shekarun 1960 aka tashi abin da ya rage nata da nakiya. Sai bayan rushewar Sobiyat, daga 1992, aka fara gyaran majami'ar, yanzu gidan tarihi ce da zauren kiɗa, mutanen garin kuma suna kiran wurin Tsibirin Kant.

Na daɗe ina kallon hotuna biyu na wurin gefe da gefe a kwamfuta, na da da na yanzu. A na da ko ƙasa ba ka gani sai rufin gidaje, jiragen ruwa a ɗaure a gaɓa, hasumiyar majami'ar ta leƙo da kyar daga cikin cunkoso. A na yanzu ginin nan shi kaɗai a tsakiyar ciyawa. Baba kai da ka san Kano tun kafin a haife mu za ka fi ni gane abin da na ji, dan ni kakata Allah ya jiƙanta har ta rasu in za ta yi maka kwatance a cikin gari sai ta ce ka bi ta bakin kududdufi ka sha kwana a gindin rimi, alhali kududdufin an cike shi an yi shaguna rimin kuma an sare shi tun ina firamare, ni kaina yanzu in na bi ta kan Jakara da aka rufe aka shimfiɗa titi sai na yi da gaske nake tuna inda muke tsallakawa. Su nasu wuta ce ta dare ɗaya, mu namu a hankali yake tafiya, yau wani yanki na badala ya zube gobe a rushe wani tsohon soro a yi filaza, kuma galibi ko hoto ba a ɗauka. Ina roƙon jikan naka da ya rubuto wannan saƙon ya kunna rikoda a wayarsa ya zaunar da kai ka lissafa masa lungunan Yakasai da sunan da kuka san su da shi.

Malama ta Gwale ki dawo nan dan akwai ƙarashen da ɗalibanki za su so. Cikin gadoji bakwai ɗin nan, ta Maƙera da ta Kayan Ciki yaƙi ya ci su ba a mayar ba, ta 'Yan Tireda da Koriya kuma an cire su a 1972 aka ɗora gadar sama guda ɗaya da ta ratsa ta saman tsibirin, ana sauka cikinsa ta matattakala, sai ta Zuma da ta Katako da Doguwa su ne har yau ake bi. Ki koma kan tabarma ki cire tsinke biyu, ɗaya daga sama ɗaya daga ƙasa, ki sa su sake ƙirgawa. Za su samu na tsakiya 3, na dama 3, na sama 2, na ƙasa 2, mara biyu ne kawai suka rage, dan haka duk wadda ta fara daga Kinaifof za ta kwashe tsinkayen duka biyar ta ƙare a Lomse, ɓangaren da filin da aka ci mu 2 da nema yake.